Azumin Mujallarku da Ƙafar Istifanus

Zuwa ga Editan mujallar nan ta motsa jiki da gyaran ƙira, mai shafukan Hausa huɗu a tsakiyarta.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyalinku da ma'aikatanku, ina roƙon ku ara mini hankalinku na ɗan lokaci. Sunana Sabi'u. A Panshekara nake zaune, ina aiki a wani kamfanin narka alminiyum a Sharada, inda muke zuba ƙarfen da ake yin tukwane da farantai da shi. Shekarata goma sha shida a bakin wuta. Ban kama sunan mujallarku ba, ban kuma kama na kamfaninmu ba, domin ba tozarta wani na zo yi ba. Kun san kanku, su ma sun san kansu.

Sau biyu na tura saƙo ta lambar wayar da kuka buga a bangon baya. Na farko an buɗe shi, ba a amsa ba. Na biyu aka amsa mini da hoton shayin rage teɓa, aka tambaye ni kwali nawa nake so. Shi ya sa na fito fili.

Ga abin da ke tafe da ni. Abokin aikina Istifanus, mutumin kudancin Kaduna, yana kwance a gida da ƙonanniyar ƙafa. Ranar Litinin mai zuwa kwamitin kamfani zai zauna ya yanke hukunci a kan ko za a kore shi bisa laifin sakaci da aiki. Istifanus bai yi sakaci ba. Abin da ya same shi daga shafin mujallarku ya taso, ya bi ta cikina, ya sauka a ƙafarsa. Zan bi muku shi daki-daki.

Na ɗaya, yadda mujallarku ta shigo hannuna.

Duk shekara kamfani kan auna lafiyarmu. A awon bana nas ɗin asibitin kamfani, wadda muke ce wa Sista, ta ɗaura mini abin awon jini, ta cire, ta sake ɗaurawa. Ta ce, "Malam Sabi'u, jininka ya fara hawa, kuma wannan tumbin ba na arziki ba ne. Ka zo ranar Alhamis ka ga likita." Na ce to. Alhamis ta zo, na leƙa na ga layi har bakin ƙofa, na juya na koma aikina. Wata Alhamis ɗin ma ban je ba.

Amma maganar ta zauna mini. Dama can a wurin aiki ba a raga mini. In na sunkuya ɗaure takalmi sai wani ya ce a kawo wa Alhaji kujera, wani ya tambaye ni yaushe ne suna. Nakan yi dariya tare da su, amma abin na ci mini rai. Ana haka, ran nan ina jiran layi a shagon aski a unguwarmu, na ga mujallarku a kan benci. A bangonta ga wani mutum ba riga, cikinsa kamar an jera sandunan sabulu. Na buɗe tsakiya na tarar da Hausa. Wanda bai yi nisa a boko ba, in ya ga an buga abu da harshensa a takarda mai sheƙi, da hotuna masu launi, ba ya kawo wa ransa cewa mai rubutun zai iya faɗin abin da bai sani ba. Na ari fitowa uku a wurin mai askin na tafi da su gida.

Na biyu, abin da na tarar a ciki.

A fitowa ta farko kun ce ƙwai na toshe jijiyoyin jini, mai neman lafiya ya guje shi. A ta uku kun ce a ci ƙwai uku kullum. A wata kun zuba gyaɗa cikin jerin abubuwan da ke sa ƙiba, a wata kun zuba ta cikin jerin abubuwan da ke rage ta. Fura da nono, da kakana ya rayu a kansu har ya ga jikokin jikokinsa, kun yabe su a shafin hagu saboda nonon, kun kushe su a shafin dama saboda geron. Babu inda kuka ce mun yi kuskure a baya, ga gyara. Kowace fitowa tana magana ne kamar ba ta san 'yar'uwarta ba.

Ko'ina cewa kuke masana sun ce, bincike ya nuna. Waɗanne masana? A wace ƙasa? A kan su wa aka yi binciken, masu zama a kujera cikin sanyin na'ura ko masu ɗaukar narkakken ƙarfe? Babu sunan likita ko ɗaya a shafukan nan, babu ma sunan wanda ya rubuta su. Rabin abincin da kuka lissafa ban taɓa ganinsa a kasuwar Sharada ba, kuma na tabbata mai fassarar ma bai sami sunansa da Hausa ba, shi ya sa ya bar shi yadda ya gan shi. Awonku kuwa duk da giram ne. Maiɗakina Hajara ta karɓi mujallar, ta juya ta, ta ce, "Malam, giram ɗari na tuwo, malmala nawa ke nan? Ko sikelin mai nama za mu aro?" Ta yi ta dariya. Da na bi dariyar nan tata na ajiye takardar, da yau ban rubuta muku wasiƙa ba.

A gefen kowace shawara kuma akwai tallan shayin nan na rage teɓa, da irin rubutu ɗaya da launi ɗaya, ta yadda mai karatu ba zai gane inda shawara ta ƙare talla ya fara ba. Na sayi kwali ɗaya. Kwana huɗu na sha na daina, saboda mai aiki a bakin wuta ba shi da damar zirga-zirgar banɗaki.

Na uku, shawarar da na bi.

A fitowa ta biyu akwai wani tsari da kuka ce shi ne mafi sauri. Mutum ya rufe bakinsa daga ƙarfe takwas na dare, kada ya sake cin komai sai sha biyun rana. Ruwa kawai, ya sha da yawa. Ya bar gishiri gaba ɗaya, ya bar tuwo da shinkafa da burodi. Kuka ce ciwon kai da kasala a makonnin farko alama ce jiki ya fara karɓa, a daure. Sannan a ƙarshen shafin, wanda ya fassara ya ƙara wani layi da na tabbata babu shi a Turancin: wai duk wanda ya saba azumin watan Ramadan, wannan wasa ne a wurinsa, tunda har ruwa an yarje masa.

Malam Edita, wannan layin ne ya kama ni. Na ce wa kaina, ni da nake azumi tun ina ɗan shekara goma sha biyu, ni da na yi azumi goma sha shida ina aikin nan, ba ruwa ba komai, ai wannan ba a magana. Washegari na fara.

Na huɗu, abin da mai fassararku bai sani ba game da azuminmu.

Gaskiya ne muna azumi muna aiki. Amma ba mu kaɗai muke ɗaukar azumin ba. A sashenmu akwai Musulmi, akwai Kirista 'yan kudancin Kaduna da Filato. Tun kafin in zo aka saba, da zarar an ga wata, daga ƙarfe goma sha ɗaya na safe Kiristocin nan ne ke karɓar bakin wuta. Mu masu azumi a mayar da mu rumfa, muna tsintar tarkacen ƙarfe, muna jera kaya a inuwa. Su kuma ranakun Lahadi da Kirsimeti da Ista, mu ke tsaya musu. Babu takardar da aka rubuta wannan a ciki. Manajoji sun zo sun tafi, kowa ya kau da kai, domin aiki bai taɓa tsayawa ba.

Ko a wajen Ramadan haka ne. Wanda ya tashi da azumin Litinin ko Alhamis, ko yake ramuwa, ko zazzaɓi ya hana shi karyawa, da sassafe zai je wurin helumanmu, wato shugaban ma'aikatan sashen, Malam Garba, ya ce, "Yau cikina ba komai." Shi ke nan, ba a tambayarsa dalili, sai a sauya masa wuri. Ƙa'idar ɗaya ce, kuma duk sabon zuwa a ranar farko ake gaya masa: mai wofin ciki ba ya ɗaukar ludayi.

Ludayin da nake nufi ba irin na miya ba ne. Tukunya ce ta ƙarfe a tsakiyar doguwar sanda, mutum biyu ke ɗaukarta, ɗaya a kowane gefe, cike da narkakken alminiyum. Taku goma sha biyu ne daga bakin wuta zuwa mazubi. In ɗaya ya saki, ɗayan ba shi da ta cewa. Shekara tara ni da Istifanus muke riƙe sanda ɗaya. Na san takunsa, ya san nawa, ba ma buƙatar magana.

Wato azumin da na yi taƙama da shi, azumi ne da sahur a gabansa, da inuwa a tsakiyarsa, da Istifanus a bakin wuta a madadina. Ban taɓa tsayawa na lissafa haka ba, saboda abin da mutum ya saba samu ba ya ganinsa. Azumin mujallarku kuwa babu sahur, babu inuwa, kuma babu wanda ya san ina yinsa.

Na biyar, makonni ukun da na yi.

Ban gaya wa Malam Garba ba. A nan laifin nawa ne, ba na ɗora muku. Kunya ce ta hana ni. Yaya magidanci mai shekara arba'in da bakwai, mai 'ya'ya shida, zai je gaban heluma ya ce yana azumi, ba don Allah ba, don tumbi? Da kafin azahar labarin ya kai Challawa da Bompai. Na ce zan yi abina a ɓoye, in sun ga ciki ya faɗa su yi mamaki.

Sai dai wanda ya tsara lokutan nan naku bai san agogon kamfani ba. Aikin safe ƙarfe shida ake shiga. Koko da ƙosan da nakan tsaya in sha a bakin get na daina. Hutun cin abinci ƙarfe goma ne, minti talatin, kuma goma ba ta kai sha biyunku ba. Daga sha ɗaya zuwa ɗaya da rabi kuwa zubi ake yi ba tsayawa, ba mai ajiye ludayi ya ce lokacin buɗa-bakinsa ya yi. Kafin in tashi, in wanke jiki, in sa wani abu a bakina, biyu da rabi ta yi. Awa goma sha shidanku ta zama sha takwas da rabi, kuma awannin ƙarshen a gaban wuta nake yin su, cikin bazara, riga na ɗigar gumi.

Mu shida ne muke cin abinci a tire ɗaya, garau-garau da mai da yaji daga wurin wata dattijuwa mai abinci a bakin get. Ba a janye hannu daga tire ba dalili. Don haka da an kaɗa ƙararrawar hutu sai in ce zan je in yi walaha. In shiga ɗan masallacin bayan sito, in yi raka'a biyu, sauran lokacin in zauna ina shan ruwan leda ɗaya bayan ɗaya. Na fake da sallah don in ɓoye abin da ba na sallah ba, kuma wannan yana cikin abin da nake neman gafarar Allah a kansa. Kwanakin farko Istifanus kan ware mini rabona a gefen tire ya rufe da murfi. Nakan ce na ƙoshi.

A gida Hajara na raba tukunya, tana yi mini miya ba gishiri ba dunƙule, in sha ta da ganye da ɗan kifi, yara na kallona suna ƙunshe dariya. Ta ce, "Malam, fuskarka fa ta faɗa, idonka ya zurma." Na ce aikin ke nan yana ci.

Ba zan yi muku ƙarya ba, tumbin ya ragu. A mako na biyu na matsa bel ɗina huda biyu. Na ji daɗi har raina. A makon ne kuma ciwon kai ya zauna mini, sharaɓata ta fara ɗaurewa ina tsaka da tafiya, in na miƙe daga tsugune sai ƙasa ta juya. Da a ce ban karanta shafinku ba, da waɗannan alamun sun kai ni wurin Sista. Amma kun riga kun gaya mini ma'anarsu, kun ce jiki ne ke karɓa. Sai na zama ina murna da abin da ya kamata ya tsorata ni.

Na shida, ranar Laraba.

A mako na uku ne, wajen sha biyu da kwata na rana. Mun yi zubi bakwai, muka ciko na takwas. Ina gefen dama, Istifanus na hagu. A taku na shida na ji kunnena ya toshe, ƙarar injuna ta yi nisa. A na bakwai sharaɓar dama ta ɗaure tamau, gabana ya yi duhu. Na san na saki sandar, domin na ji nauyin ya bar hannuna kafin gwiwata ta taɓa ƙasa.

In gefe ɗaya ya faɗi, ta nan ƙarfen ke zubowa. Ta kaina zai zubo, ina durƙushe. Abin da ake koya mana shi ne, in abokinka ya saki, kai ma ka saki ka yi tsalle baya. Istifanus bai saki ba. Ya danne nasa gefen ƙasa da ƙarfin tsiya, ya karkato bakin ludayin wajensa. Mafi yawan ƙarfen ya malale a siminti, sauran ya sami ƙafarsa ta hagu, daga ƙauri zuwa cikin takalmi. Ko ɗigo bai taɓa ni ba.

Abin bai kai ƙiftawar ido uku ba. Waɗanda suka juyo sun ga ludayi a karkace ta gefen Istifanus, ni kuma a ƙasa, sai suka ɗauka fizgar sandar ce ta kayar da ni. Ana yanka masa takalmi, Malam Garba na tambayarsa me ya faru, ya ce safar hannunsa ce ta zame. Ina zaune a ƙasa an zuba mini ruwa a ka, na ji shi da kunnena, ban ƙaryata shi ba. Haka aka rubuta a rahoto, haka ya sa hannu a gadon asibiti.

Ya faɗi haka ne domin ya san dokar kamfani: wanda ya taɓa suma a bakin wuta ba ya komawa, kuma mai shekaruna in an cire shi daga nan, hanyar get ake nuna masa. Shi a zatonsa takardar gargaɗi za a ba shi, a wuce wurin. Sai aka yi rashin sa'a sabon manaja ya ɗauki abin da zafi, ya ce sakaci ne da ya jawo asarar kaya ya kuma sa ran wani cikin haɗari. Wanin nan ni ne. Mutumin da ya tare mini wuta da ƙafarsa ake tuhuma da sa raina cikin haɗari, kuma in hukuncin ya tabbata, zai fita ba aiki, ba haƙƙin shekara goma sha huɗu, da ƙafar da ba a san yaushe za ta sake shiga takalmi ba.

Na bakwai, abin da na ji daga baya.

Kwana biyu da faruwar abin na je wurin Sista, ba layin da ya hana ni wannan karon. Na roƙe ta ta rufa mini asiri, na gaya mata komai, na nuna mata shafin. Ta karanta, ta cire tabarau ta dube ni. Ta ce, "Cewa na yi ka ga likita, ban ce ka ga mai aski ba." Ta yi mini bayani cewa gumin da muke yi ba ruwa kaɗai yake fitarwa ba, har da gishirin jiki, kuma wanda ke ɗura ruwa zalla bai ci komai ba, ba ya mayar da abin da ya fita. Ta ce rage gishiri ga mai hawan jini daidai ne, amma nawa za a rage, kuma ga wa, wannan aikin likitan da ya san sana'ar mutum ne. Ta ce tsarin naku wataƙila ya yi wa wani daidai, amma wanda ya rubuta shi bai taɓa tunanin irina zai karanta ba. Na ce ai da Hausa aka buga. Ta ce shi ne abin da ya fi ba ta haushi.

Ranar Asabar na je gidan Istifanus a Zawaciki. Matarsa, Maman Rifkatu, ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo mini ruwa da kunun gyaɗa, tana ta godiya wai ban manta da su ba, wai Allah ya kiyaye da abin bai haɗa da ni ba. Na kurɓi kunun na ajiye. Da ta fita na ce, "Baban Rifkatu, na zo in gaya maka abin da ya kayar da ni."

Ya ce, "Malam Sabi'u, ai na sani. Yunwa ce. Mutum ba ya walahar minti talatin kullum ya dawo leɓe a bushe."

Na ce to me ya hana ka magana?

Ya ce, "Na ɗauka babu ce ta kama ka a gida, kana jin nauyin sa hannu a tire ba ka kawo naka ba. Ya zan tone ka? Shi ya sa nake ware maka. Na so in gaya wa heluma ya sauya ka, na ce in na yi haka kowa zai gane."

Na zaro mujallarku daga aljihu na miƙa masa. Ya dubi mutumin bangon, ya dube ni, ya buɗe shafin da na naɗe. Ya fara dariya, ya yi ta yi har ƙafar ta motsa ya cije baki. Sannan ya dubi bandejin. Ya ce, "Ashe tumbi ne." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Da zan tafi ya riƙe mini hannu ya ce kada in kuskura in buɗe baki. Ya ce in na faɗa, ni za a kora don na suma, shi a kore shi don ya yi wa kamfani ƙarya, gida biyu ke nan maimakon ɗaya. Na ce masa na ji. Kwana tara ke nan ina juya maganar, ina zuwa aiki, ina ɗaukar ludayi da wani, ina wucewa ta wurin da simintin ya ƙone.

Malam Edita, ban ce ku kuka saki sandar ba. Ni na ƙi ganin likita, ni na ɓoye wa heluma, ni na karya ƙa'idar da na fi kowa sani. Amma ku kuka gaya mini wasa ne. Ku kuka gaya mini jirin da nake ji alamar nasara ce. Kun shigo da shawarar da aka rubuta wa wasu mutane a wata ƙasa, kuka sa mata rigar Hausa, kuka jingina ta da azuminmu don ta shiga ranmu, ba tare da kun tambayi yadda muke yin azumin ba. A Sharada da Challawa da Bompai akwai masu tsayuwa gaban tukunyar tururi, da masu jan fata a majema, da masu lodin buhuna a rana, da yawansu sun haura arba'in, an gaya musu jininsu ya hau, kuma duk suna zuwa aski.

Don haka ga abin da nake roƙo.

Ku janye layin nan da ya haɗa tsarinku da azumin Ramadan, ku buga a shafin da kuka buga shi, da Hausa, da manyan baƙaƙe, cewa kuskure ne. Ku faɗa a fili cewa mai aikin ƙarfi ko aikin zafi, da mai hawan jini ko ciwon suga, kada ya taɓa irin wannan tsarin sai ya ga likita, kuma jiri da ɗaurewar jijiya ba alamar nasara ba ce, alamar a tsaya ce.

Duk shawarar abinci da za ku buga, ku sa sunan wanda ya rubuta ta da abin da ya karanta, domin in ta cutar da wani a san ƙofar da za a buga. In kun ce bincike ya nuna, ku ce a kan su wa. In kun sauya magana a kan ƙwai ko gyaɗa, ku ce mun sauya.

Ku raba talla da shawara, ko da da jan layi ne. Kuma ku sa mutum a kan lambar wayar nan wanda aikinsa ba sayar da shayi ba ne.

Na ƙarshe, ku aiko mai fassararku ya zo Sharada ya tsaya a bakin wuta daga sha ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ba zai ɗauki komai ba, tsayuwa kawai. Za mu ba shi takalmi da safar hannu, kuma ƙarfe goma za mu matsa masa ya sa hannu a tire kafin ya shiga.

Allah ya ba ku ikon gyarawa, ya sa alƙalaminku ya zama sanadin lafiyar mutane, ya tsare ku da iyalinku daga ganin irin abin da na gani. Allah ya ba Istifanus lafiya, ya saka masa da abin da ni ba zan iya ba.

Saura magana ɗaya, ita kuma ba taku ba ce ku kaɗai. Wannan wasiƙar kwafi uku na yi. Ɗaya taku, ɗaya na ba Malam Garba a hannunsa yau da safe, ɗaya na ajiye a ofishin manaja don kwamitin ranar Litinin. Na gaya wa Hajara kafin in fito, ta yi kuka, sannan ta goge mini rigar da zan sa. Na san abin da dokar kamfani ta ce a kan wanda ya suma, ban zo neman a sassauta mini ba. Abin da nake roƙon kwamiti shi ne, ƙaryar da Istifanus ya yi, a dubi dalilinta kafin a dubi takardar.

Baban Rifkatu, na san wasiƙar nan za ta iso gidanka, 'yarka Rifkatu za ta karanta maka. Ka ce in yi shiru, na ce na ji, ban cika ba, ka yafe mini wannan ma. Safar hannunka ba ta zame ba. Ni na saki.

Wassalam.

Naku,
Sabi'u, ma'aikacin bakin wuta,
Panshekara, Kano.